Gajimaren Mama

Mahaifiyata ta yi kusan shekara talatin tana waƙa a gidan opera na garinmu, inda ake wasan kwaikwayo cikin waƙa, amma in ka tare masu fitowa daga kallo ka tambaye su ko sun san Solange Kerbrat, sai su ce ko mai sayar da tikiti kake nufi. Cikin 'yan amshi take, layi na biyu, bayan wata doguwar mata mai faɗin kafaɗa. Ta fito a baiwa, ta fito a matar ƙauye, ta fito a fatalwa, ta yi kukan mutuwar sarakuna ba adadi, kullum a cikin taro. Ni kaina da na fito daga cikinta sai na yi ta lalube da ido kafin in hango gefen fuskarta.

Sunana Tanguy. Karatu bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba, shi ya sa Mama ta kama hannuna ta kai ni wurin Baba Armel, shugaban masu aikin bayan labule. Shi ya koya mini jan igiya. Duk abin da ka ga ya sauko daga sama a dandamali, ko bango ne ko wata, akwai wani a gefe cikin duhu da ya ja shi. A gefen hagu ni ne.

A shekarar da Mama za ta yi ritaya, gidan ya ɗauko wani tsohon wasa da ya haura shekara ɗari biyu, tatsuniyar Girkawa ce. Jiragen ruwan wani sarki sun tsaya a gaɓa babu iska, mayaƙa sun gaji da jira, boka ya ce iska ba za ta taso ba sai an yanka 'yar sarki. Ana ta kuka da jayayya cikin waƙa har kusan ƙarshe. Da an ɗaga wuƙa sai Uwargijiya ta sauko daga sama a kan gajimare, ta ce a ƙyale yarinyar, an yafe. Waƙar tata ba ta wuce lokacin dafa ƙwai ba. Da kuɗi ya yi wa gidan kaɗan, sai aka ce ba sai an ɗauko baƙuwa ba, a ba Solange, ya zama sallamarta.

Ranar da ta ji, na dawo na tarar tana soya fanke ba tare da ta kunna rediyo ba.

"Ba wani abu nake nema ba, Tanguy," ta ce, tana juya fanken. "Sau ɗaya dai su ga fuskata. In sauko, fitila ta haska ni ni kaɗai, matar mai kifi ta zunguri ta kusa da ita ta ce, la, ai Solange ce. Shi ke nan. In dawo gida in zauna da gwiwata."

"Ni zan sauko da ke," na ce.

"To ka ci abinci sosai, ba ni da sauƙin ɗauka."

Wanda aka ɗauko ya tsara wasan mutumin Holan ne, sunansa Jorrit Veenstra. Dogo ne siriri, idanunsa kullum ja kamar wanda ya kwana a hanya, kuma galibi a hanyar ya kwana. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ya tara mu duka, mawaƙa da ma'aikata, ya buɗe wani ƙaramin akwati da aka gina dandamalin a ciki. Muka leƙa muna neman teku, sai muka ga kujerun roba a jere da allon tashin jirage.

"Mutanen yanzu ba su san jiran iska ba," ya ce a hankali, da Faransancinsa mai tsalle. "Amma kowa ya san zaman filin jirgi, an soke tashi, ba wanda zai gaya maka dalili. Sarki zai sa kwat. Mayaƙa za su kwana a ƙasa kan jakunkunansu."

Ba wanda ya yi mamaki sosai. Mun riga mun yi wani wasan a asibiti, wani a tashar mai. Kujerun gidan rabi a wofi suke, masu zuwa kuwa yawancinsu da sanda suke shigowa, hukuma tana son matasa. Baba Armel ya yi hamma ya tambaya ko akwai gajimare.

"Akwai," in ji Jorrit. "Tsohon naku nake so, na katako. Shi kaɗai zan bari daga cikin kayan da. Sai dai wa ke sauko wa mutane da rahama a filin jirgi? Wadda ba mai kallonta. Mai shara."

Ya zaro zanen kayan da Mama za ta sa. Riga da wando na masu shara, da takalmin roba, da tsintsiya. Duka kore shar.

Maryvonne mai ɗinki ta kai hannu ta taɓa katakon tebur, kamar yadda ake yi a nan don kau da sharri. Yacine, abokin aikina na gefen dama, ya ɗan ja baya kamar takardar za ta cije shi.

"Yallaɓai," in ji Baba Armel, "launin nan fa?"

"Me ya same shi?"

"Ba a sa shi a dandamali."

"A ƙasarmu ana sawa."

"To ai nan ba ƙasarku ba ce, Yallaɓai. Ku yi mana shuɗi mana, ko ruwan lemo. Masu sharar tashar jirgin ƙasa ruwan lemo suke sawa, kuma shara tana fita."

Jorrit ya murza ido. Ya ce komai na dandamalin toka-toka ne, kore ne kaɗai zai zama kamar tsiro a cikin siminti, ya kwana biyu yana tunanin abin. Ya tambaya mene ne dalilin hanin. Nan kowa ya kawo nasa. Maryvonne ta ce wani babban ɗan wasa ne ya faɗi ya mutu cikin kore tun zamanin sarakuna. Fulbert mai fitila ya ce a'a, rinin da ne mai guba. Baba Armel ya ce shi bai san dalili ba kuma bai nema ba, kamar yadda bai taɓa tambayar dalilin hana fito a bayan labule ba, ya dai ga ubansa ba ya yi.

"Kuma a sama za a rataye ta," ya ƙara. "Ba a ƙasa za ta tsaya ba."

Jorrit ya juya wurin Mama. Ya ce ba zai tilasta mata ba. In ba za ta iya ba, akwai wata yarinya cikin 'yan amshi da ta zo daga Koriya, ita ba ruwanta da launi.

Mama fa ita ce wadda ko ganyen latas ba ta yarda a shigo da shi ɗakin shiri. Na ga wuyanta ya yi ja. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Wandon nan zai shige ni kuwa?" ta ce. "Maryvonne, ki ƙara masa a ƙugu."

Daga nan aka shiga gwaji, kuma gwaji ba abin ba da labari ba ne. A zauna, a tashi, a koma farko. Mayaƙa suna kwance kan jakunkuna har wasu su yi barcin gaske. Mai fitowa a sarki ya yi mura, 'yar sarki ta yi faɗa da shugaban makaɗa kan saurin kiɗa, allon tashin jirage ya ƙi kamawa. Maryvonne ta ɗinka kayan da wani yadi mai ɗan shuɗi-shuɗi ta kawo, tana cewa ai koren teku ne. Jorrit ya ɗaga shi wajen taga, ya mayar mata. Ta sake kawo wani mai kama da ruwan toka. Ya sake mayarwa. A na uku ta kawo koren gaske, a cikin leda, ta riƙe da yatsa biyu, ta ce Mama ba za ta sa shi ba sai ranar gwajin ƙarshe, ba za a tsokani abin tun da wuri ba.

Gajimaren kuwa mun fito da shi daga ɗakin ajiya muka kakkaɓe. Akwati ne na katako da aka yi wa fenti fari, da ɗan madogari a baya da ɗamarar tsaro. Yadda yake aiki ba wuya. Wayoyin ƙarfe sun ɗauke shi sun bi ta sama sun sauko gefena, inda akwai keji da muke jera ƙarafan nauyi a ciki. Burodi muke kiran ƙarafan, don kamarsu ke nan. In burodin ya yi daidai da nauyin gajimare da wanda ke kai, da hannu ɗaya ma sai ka sauko da shi. In burodin ya yi kaɗan, gajimare zai rinjaya ya yi ƙasa. In ya yi yawa, sama zai so zama. Mun auna Mama, tana ta mita cewa sikelin ƙarya yake yi, muka jera burodi daidai. Takan hau matakala ta gefen dama har gadar sama, ta taka ta shiga. Na sauko da ita sau da yawa cikin kayanta na gida, lafiya lau, kamar ana ajiye kofi a tebur.

Gwajin ƙarshe da rana aka yi shi, aka cika gidan da 'yan sakandare da aka kwaso a bas. Tun daga farko hayaniya suke. Wayoyi suna haske a fuskokinsu, ana jifa da takardar alewa. Da sarki ya rungume 'yarsa yana kuka, wani yaro ya yi kukan jaki, bene duka ya ɗauka. Na hango Jorrit a tsakiyar kujeru ya dafe kai.

Aka zo wurin wuƙa. Aka ba ni alama a kunne. Na saki birki, na ja.

Igiya ta ƙi.

Na ɗauka wani abu ya maƙale, na ƙara ƙarfi. Ta taho, amma kamar ina jan saniya. Na sa hannu biyu, na sa ƙafa a jikin ƙarfe. Kiɗa yana tafiya, ba ya jiran kowa. Gajimare ya fara leƙowa ƙarƙashin labulen sama, ƙasan katakon, sannan takalman roba, sannan ƙafafun wando har gwiwa. Daga nan ƙafafuna suka bar ƙasa. Ni ba mai jiki ba ne, sai ga ni ina lilo a jikin igiya kamar kifi. Na ji goge ya ɗauki sautin da Mama take shiga a kai. In na saki za ta koma sama da gudu ta bugi ƙarfe. Na miƙa gwiwa na danne birki.

Mama ta fara waƙa a inda take. Daga gwiwa zuwa sama tana bayan labule.

Ban taɓa jin muryarta ita kaɗai a gidan nan yana cike da mutane ba. A kicin na saba ji, tare da ƙarar ruwa. Ta fito daga can sama, ba gaggawa, ta cika wurin. Yaran suka yi shiru. Wani ya fara dariyar takalman, na kusa da shi ya buge masa kai. Har ta gama ba wanda ya yi tari. Da labule ya rufe suka yi ta ihu da buga ƙafa.

Ni ban ji daɗin komai ba. Tafin hannuna ya sale. Na haska kejin da tocila, na ga burodi ya ƙaru a kan wanda muka jera.

Baba Armel ya iso yana haki. Ya kalli kejin, ya cire hula.

"Ɗaya na ƙara," ya ce. "Ɗaya tak, da safe. Na ce tunda koren nan za ta sa, in ma wani abu ya faru, gara ta yi sama da ta yi ƙasa."

Yacine, da ya biyo shi, ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ban san ka sa ba. Ni ma ɗaya na sa, lokacin cin abinci. Tanti Solange ce fa."

"Kai da gefen dama, me ya kawo ka kejin hagu?"

"Abin da ya kawo ka."

Muna cikin haka Fulbert ya leƙo daga bayan fitilunsa, ya ga abin da muke kallo, ya juya zai koma.

"Zo nan, munafuki," in ji Baba Armel. "Nawa?"

"Ƙarami ne nawa," in ji Fulbert. "Maryvonne ce ta hana ni sakat."

Muka taru mu huɗu muka sauko da Mama. Ta fito tana riƙe da tsintsiyarta, fuskarta da kwalliyar da ta yi awa tana yi, wadda ba wanda ya gani. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta kalli hannuna, ta ce in je in sa a ruwan sanyi.

Sai ga Jorrit ya hau dandamali da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Muka shirya shan faɗa. Baba Armel har ya fara, "Yallaɓai, laifina ne."

"Wa ya tsayar da shi a nan?" in ji Jorrit.

Na ɗaga hannu.

Ya kama kafaɗuna biyu. Idanunsa sun yi ruwa. Ya ce wata da watanni yana neman ƙarshen wasan nan bai samu ba, ya san yaran yanzu ba za su yarda wata ta sauko ta gyara komai ba, shi ma bai yarda ba. Amma murya da ƙafa kawai, rahamar da ta taho ba ta ƙaraso ba, wannan kowa ya san ta. "Kun ji yadda suka yi shiru?" Ya ce a gyara nauyin, amma a sa alama a igiya daidai inda ta tsaya yau. Haka za a yi kullum.

"Yallaɓai," na ce, "fuskarta fa?"

Ya juya ya kalli Mama kamar yanzu ya tuna akwai mutum a cikin takalman. Ya je ya riƙe hannunta ya ce, "Madam Kerbrat, abin da kika yi yau ya fi duk abin da na tsara." Da gaske yake faɗa, shi ne abin da ya fi ciwo. Mama ta ce ta gode.

A bas muna komawa gida ta zauna wajen taga, jakarta a cinya. Ana yayyafi. Muka wuce tashar jiragen kamun kifi.

"Mama, igiyar a hannuna take," na ce. "Ki ce kawai. Gobe in wuce alamar."

"Ka wuce, jibi kuma ka nemi aiki a ina? Wurin wanke kifi?"

"Ba za su kore ni ba."

"Za su kore ka, kuma su yi daidai. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, yaran sun yi shiru. Ka taɓa ganin sun yi wa wani shiru?" Ta goge gilashin da hannun riga. "Na gaji, Tanguy. Na sa koren, ban mutu ba. Bar shi haka."

"Ai wajen gaisuwa, in kun fito gaban labule a ƙarshe, za su gan ki."

"Wajen gaisuwa," ta ce, ta ɗan yi dariya ta hanci.

Gaskiyarta. Jorrit ya ce Uwargijiya ba ta gaisuwa, in ta fito an ɓata abin. Ko da bai ce ba, kafin ta sauko matakalar nan da gwiwarta an kashe fitilu.

Aka buɗe wasa. Baba Armel ya naɗa farin tef a igiya, kullum in ja har tef ya zo hannuna in danne birki. Mutane sun zo fiye da yadda aka saba, har da masu ƙananan shekaru. Jarida ta buga hoton takalman. Matar mai kifi ta tare Mama a kasuwa ta ce ta je kallo, ta duba layi na biyu ba ta gan ta ba, ko ba ta da lafiya ne? Mama ta ce gwiwa ce, ta sayi kifinta ta taho.

Jorrit ya tafi washegarin buɗewa, kamar yadda masu tsara wasa suke yi, wani gidan yana jiransa a wata ƙasa. Ya bar mataimakiyarsa, wata yarinya mai kirki da ke zama a gefe tana cin tuffa. Mama ta daina maganar wasan a gida. Takan tafi da wuri, ta hau sama tun kafin a fara kashi na ƙarshe don kada ta yi gaggawa a matakala, ta zauna can ita kaɗai cikin sanyi. Ni ina gefen hagu, ita tana hawa ta dama, ba na ganinta sai ƙafafu, kamar kowa.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi ne da rana. A gidajen wasa, ranar ƙarshe ranar tsokana ce. Akan sa wa sarki ruwan gishiri a kofi, ko a cika jakar wani da duwatsu, manya suna kawar da kai muddin 'yan kallo ba su gane ba. Ina tsaye wurin igiya sai Baba Armel ya zo ya tsaya kusa da ni, yana kallon wani wuri daban. Tun ranar burodin nan bai iya haɗa ido da Mama ba.

"Tef ɗin nan ya tsufa," ya ce.

"Ya tsufa, Baba."

"Irin wannan yakan ɓalle da kansa."

Ya sa farce ya ɓalle shi, ya dunƙule ya sa a aljihu, ya tafi abinsa. Na hango shi ya tsaya wurin Fulbert yana yi masa magana a kunne.

Na tsaya ina tunani har aka ɗaga wuƙa. Ta ce in bar shi. Amma gobe babu wasa, babu jibi, kayan ma a mota za a loda su. Aka ba ni alama. Na saki birki.

Igiya ta taho kamar ruwa. Katako ya leƙo, takalma, koren wando har gwiwa. Hannuna ya san wurin ko babu tef, ya ɗan tsaya da kansa. Na ci gaba da ja.

Abin da ya biyo bayan gwiwa ba kore ba ne. Tsohuwar suwaitarta ce ruwan ƙasa, wadda take sawa in za ta fitar da shara a gida, mai maɓalli ɗaya daban da sauran. Ta naɗa gyale a wuya. Gashinta a cikin raga, tabarau a kan hanci, ba ɗigon kwalliya a fuskarta. Babu tsintsiya. Filas ɗin shayinta ne a hannu, da murfin a ɗaya hannun. Ashe tun da ta ga ƙafa kawai ake gani ta daina sa rigar, Maryvonne kuwa ta ɗauke ta da murna ta kulle a akwati.

Fulbert ya sakar mata fitila, fara tas, ita kaɗai.

Na ga ta ƙifta ido. Ta kalli ƙasa, ta kalli kujeru, ta juyo ta kalli gefen hagu inda ta san ina tsaye. Ban san abin da ke fuskarta ba, ban taɓa ganin irinsa ba. Sarki ya saki baki. Mataimakiyar Jorrit ta tsaya da tuffa a hannu. Wani a bene ya yi dariya, gajeriya.

Goge ya ɗauki sautinta. Mama ta rufe filas ɗin a hankali, ta ajiye shi kusa da ƙafarta, ta cire tabarau ta sa a aljihun suwaita. Ta shiga a makare kaɗan, shugaban makaɗa ya jira ta. Muryar ta ɗan yi rawa a farko, ba ta kai ta ranar yaran ba. Daga baya ta zauna. Ta miƙa hannu wajen mai wuƙa ta ce masa ya ƙyale yarinyar, kamar yadda take ce mini in sauke ƙafa daga kan tebur, shi kuwa ya sauke.

Gidan bai cika ba, Lahadi ce, yawanci tsofaffi ne. Amma a cikin shirun da ke tsakanin baiti da baiti na ji wata murya a layin gaba, ta wani tsoho mai nauyin kunne da bai san yana ɗaga murya ba.

"Wace ce wannan? Na san ta. Ba a unguwarmu take ba?"

Aka ce masa shhh.

Da labule ya rufe gajimare yana ƙasa, ba matakala, sai kawai ta tako ta fito. 'Yar sarki ta kama hannunta ta ja ta gaisuwa tun kafin ta yi gardama. Aka tafa mata daidai gwargwado, wasu suka tashi tsaye, wasu suna neman sandunansu. Ta sunkuya sau ɗaya, hannu a gwiwa.

Ta same ni ina naɗe igiya. Yacine da Baba Armel suka ɓace kamar an kira su. Ta tsaya a gabana da filas ɗinta.

"Da ragar gashi, Tanguy."

"Ban sani ba, Mama."

"Shekara talatin, da ragar gashi. Da suwaitar shara." Ta cire ragar ta duba ta, ta cusa a aljihu. "Ba na ce ka bar shi ba?"

"Kin ce."

A bayanmu an fara kwance kujerun roba, ana jifa da su cikin akwatunan kaya. Mataimakiyar Jorrit tana waya a lungu, tana magana ƙasa-ƙasa da wani yare.

"Tsohon nan na gaba," in ji Mama, "Gwenaël ne, mai gyaran keke. Kullum sai mun gaisa." Ta zauna a kan akwatin kayan aiki, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. "Zo ka cire mini takalman nan, sun matse ni tun ranar farko. Ka mayar wa Maryvonne. Sannan ka duba ko bas ɗin yamma yana nan, ba zan iya tafiya a ƙasa ba."

Na durƙusa na cire mata. Ta buɗe filas, ta zuba sauran shayin a murfi, ta sha rabi ta miƙo mini. Ya riga ya huce.